Filin jama'a ma da mai shi

Ranar da na fara fita da na'urar gano ƙarfe ban yi minti arba'in ba aka tsayar da ni. Wata Asabar ce cikin Satumbar 2022. Na idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na saɓa na'urar a kafaɗa kamar mai zuwa gona, na nufi filin shaƙatawar da ke bayan layinmu, a wani gari da ke tsakiyar Ingila inda nake tuƙa bas. Na tona rami biyu, ɗaya ya ba ni marfin kwalba, ɗaya ya ba ni ɗan kwabonsu na peni biyu da tsatsa ta cinye. Ina durƙushe a kan na uku sai na ga takalma a gabana.

Ma'aikacin filin ne, riƙe da jakar shara da sandar tsintar leda. Ya gaishe ni, sannan ya ce ina takardata. Na ce wace takarda? Ya ce ta izini. Na miƙe ina kakkaɓe gwiwa, na ce ai na ɗauka filin jama'a ne. Ya ce ƙwarai na jama'a ne, su taka, su zauna, yaransu su yi wasa, karnukansu su yi gudu. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawar ta ƙaramar hukuma ce, da duk abin da ke cikinta, ko ƙusa ce. Bai ɗaga murya ba. Ya dai ja ni ya nuna mini ramukan da na baro, ciyawar a jirkice, ƙasa a warwatse kamar kaji sun yi tono. A bazarar shekarar aka yi zafin da ba a taɓa yi ba a ƙasar, ya haura maki 40 a ma'aunin Celsius cikin watan Yuli, filin ya ƙone ƙurmus, bai daɗe da fara farfaɗowa ba. Ya ce duk ciyawar da ka yanke wa saiwa a irin wannan lokaci ta mutu ke nan, kuma shi za a tambaya. Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri, na cike ramukan yana tsaye, na dawo gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, har an gama haƙo zinariyar?"

Na'urar ba saye na yi ba. Maƙwabcinmu ne ya ba ni, wani dattijon Bature da yarana ke kira Kaka. Ya yi shekaru yana wannan sha'awa har gwiwoyinsa suka ƙi, durƙuso ya gagare shi. Da na ba shi labarin abin da ya faru sai da ya yi dariya har da tari, ya ce laifinsa ne, ya ɗauka kowa ya san ba a tona ƙasar wani sai da yardarsa. To, baƙo ko da ido makaho ne. Mu da muka tashi muna ɗibar ƙasar gini a kududdufin bayan gari, muna ratsa fegin mutane ba sallama, in an ce wuri na gwamnati ne abin da kunnenmu ke ji shi ne ba shi da mai shi. Nan kuwa babu taku ɗaya na ƙasa da ba sunan wani a kansa.

Kaka ya ce in nemi izini a rubuce, kada in yarda da na baka. Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Mako goma sha ɗaya ya ci.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu doka guda da ta game filayen shaƙatawa duka. Kowace ƙaramar hukuma da nata tsarin. Wata ta hana ƙememe, ta rubuta a shafinta na intanet, magana ta ƙare. Wata tana ba da izini da sharuɗɗa. Wata kuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai dai cikin tsofaffin dokokinta na fili akwai layin da ya hana cire ƙasa ko ciyawa ko tsiro, wanda a aikace ya hana ka tona ko da ba a ambaci na'ura ba. Kuma ba kowane fili ne na ƙaramar hukuma ba ma. Wani na majalisar ƙauye ne, wani na gidauniya, wani na coci. Manyan filayen sarauta na Landan ba a yarda da na'urar a cikinsu ba. Bakin Kogin Tems kuwa, ko da ido kawai za ka bi kana tsintar abin da ruwa ya bari, sai da takardar hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, kuma a 2022 ɗin nan suka dakatar da ba da sabuwa saboda masu nema sun yi yawa.

Tamu ƙaramar hukumar tana cikin masu shiru. Na buga waya, aka ce sashen filaye. Sashen filaye suka ce maganar ta sashen kadarori ce. Na kadarori suka ce su gine-gine suke kulawa da su, in tuntuɓi sashen shari'a. Wata baiwar Allah a can ta tambaye ni ko bikin taro nake son shiryawa, don fom ɗin da take da shi ke nan. Na tura imel uku, biyu ba amsa, na ukun aka amsa da cewa an karɓi saƙona kuma za a duba cikin kwana ashirin na aiki. Wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya a gida ya san wannan rawar, bambancin kawai nan ba mai ce maka ka kawo na goro, kuma kowa yana ba ka haƙuri da murya mai daɗi yayin da yake tura ka gaba.

Abin da ya buɗe ƙofar ba wayo ba ne. Na koma wajen ma'aikacin nan da ya tsayar da ni, na same shi yana gyaran shinge, na ce, ranka ya daɗe, kai ka ce in nemo takarda, to wa ke ba da ita? Ya yi murmushi, ya rubuta mini muƙamin jami'ar da ke kula da filayen yankinmu. Matambayi ba ya ɓata. Ita ta kira ni da kanta bayan kwana huɗu.

Abu uku ta nema. Na farko inshora, wadda za ta biya idan wani ya faɗa ramina ya karye ko na fasa bututun ruwa. Wannan ba wuya, domin ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NCMD, tana haɗa wa mambobinta inshorar da ta kai fam miliyan 10, kuɗin shigar na shekara kuwa bai kai na tire ɗin ƙwai biyu ba. Na daɗe ina kallon adadin nan a jikin katin. Ni da cokalin lambu, an ɗaura mini fam miliyan goma. Na biyu taswira, in zana daidai inda nake so in bi. Na uku in zo ta ga yadda nake tono da idonta.

Fili uku na nema, ɗaya aka ba ni, shi ma rabi. Babban filin tsakiyar gari ta ce kada ma in sa rai, akwai wani tudu a cikinsa da ke cikin jerin wuraren tarihi da doka ta kare. Dokar 1979 ta hana ko kunna na'ura a irin wannan wuri sai da lasisin hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, ƙaramar hukuma ba ta da ikon yafe wannan ko da filin nata ne. Na biyun an ware shi don tsuntsaye da furannin daji. Saura namu na bayan layi, inda na ji kunya.

Ranar gwajin na fi jin faɗuwar gaba a kan ranar jarrabawar tuƙin bas. Kaka ya sa na yi mako ina koyo a ɗan filin bayan gidansa, yana zaune a kujera yana gyara mini. Ga yadda ake yi. In na'ura ta yi kuka sai ka ratsa wurin daga gabas zuwa yamma, ka juya ka ratsa daga kudu zuwa arewa, har ka tsayar da tsakiya. Ka yanka ciyawar gefe uku, ka bar na huɗun a manne, ka buɗe ta kamar murfin akwati, don saiwar ta ci gaba da shan ruwa. Ka shimfiɗa tsumma, duk ƙasar da ka ɗebo a kansa za ta zauna, ba a kan ciyawa ba. Ka zura 'yar ƙaramar na'urar hannu mai kama da tocila cikin ramin, tana rawa a tafin hannunka in ta kusanci ƙarfen. Ka ciro abinka, ko shara ce ka jefa a jaka, ka juye ƙasar tsumman cikin rami, ka mayar da murfin, ka taka da diddige, ka shafa ciyawar da hannu ta miƙe. Jami'ar ta juya baya na yi ɗaya, ta juyo ta neme shi. Ta gano shi, amma sai da ta sunkuya. Ta ce ya yi.

Takardar shafi biyu ce, ta shekara guda. Ba shebur, sai cokalin lambu na hannu. Zurfi kada ya wuce inci shida. Ba filin ƙwallo, ba wurin wasan yara, ba gadon furanni, ba ƙarƙashin inuwar bishiya saboda saiwa. Ba tono daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, ko duk lokacin da ƙasa ta bushe ko ta daskare. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai. Duk abin da na samu mallakar ƙaramar hukuma ne, sai abin da suka ce in riƙe. Kuma suna iya janye izinin ranar da suka ga dama ba tare da ba da dalili ba.

Akwai sharaɗin da ni na ƙara wa kaina, ba ya cikin takarda. Ni baƙar fata ne, ina da gemu, ina fita da sassafe, ina durƙusa a gindin shinge ina binne wani abu, ko haka mai leƙowa ta taga zai gani. Mako na uku da samun izini motar 'yan sanda ta tsaya, wani ya kira su. Sun yi mini ladabi, suka karanta takardar, ɗayansu ma ya tambaye ni ko na taɓa samun abin kirki. Amma tun daga ranar na sa aka manne takardar cikin leda na rataya a wuya, na sayi riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran hanya, na daina fita sai rana ta ɗaga. Wuƙar tono mai haƙora da wasu ke amfani da ita kuwa ko kyauta ba na so. Dokar ƙasar ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ba 'yar ƙarama mai naɗewa da ba ta wuce inci uku ba. Wataƙila dalilina ya karɓu, amma ba ni da sha'awar zama wanda za a gwada a kansa. Da na gaya wa Kaka, ya yi shiru, ya ce shi shekara talatin ba wanda ya taɓa kira masa 'yan sanda.

Me ake samu? Shara, galibi. Hancin gwangwanin lemo shi ne babban abokin gaba, domin kukansa a kunne kusan ɗaya ne da na zoben zinariya, in ka ƙi tona shi wata rana zoben za ka tsallake. Na tara su cikin bokiti har na daina ƙirgawa. Sai marafen kwalba, turakun tanti, makullai, ƙananan motocin wasan yara. Kwabban da aka buga daga 1992 zuwa yau ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, shekara kaɗan a ƙasa sun kumbura sun ruɓe, na kafin nan kuwa suna fitowa da kyansu.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da na ciro wani ɗan kuɗi mai kauri, ruwan tagulla, mai kusurwa goma sha biyu, da kan Sarki Joji na shida da shekarar 1943. Na wanke shi da ruwan gora, na kira Hajiyarmu ta bidiyo na kara shi a kyamara. Ta matso da fuska, ta gyara tabarau, ta ce, "Kai, ɗan nan, taro ne! Ina ka samo taro?" Na ce a ƙasa na tono, Hajiya. Daga nan ba ni na ƙara magana ba. Ta lissafo anini, ɗari, kwabo mai huji da ake zurawa a zare a ɗaura a ƙugu, taro, sisi, sule, da abin da kowanne ke saya a kasuwa tana yarinya, da kukan da wata gwaggonta ta yi da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973 don ta kasa gane lissafin. Su Ingila sun riga mu da shekara biyu, a 1971 suka bar sule da taro. Daga baya na samu sisi ma, na 1938, rabinsa azurfa. Duk sanda na ji an ce wane ba shi da ko sisi, yanzu na san girman abin da ake nufi, bai fi farcen babban yatsa ba. Na kai su ofis kamar yadda takarda ta ce, jami'ar ta juya su a hannu ta ce in riƙe.

Yayana kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum: giram nawa? Shi abin da ya sani game da wannan na'ura shi ne Jado, can arewacin Nijar, inda aka gano zinariya a 2014 mutane suka yi ta tururuwa daga Agadas da Chadi da Sudan da na'urori a kafaɗa, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Wani abokinsa ya je, ya dawo da mota, wasu sun dawo da bashi. Na yi masa bayani har na gaji cewa ni ba arziki nake nema ba. Ya ce, "To wahalar me kake yi, ƙanena?" Ban da amsar da za ta gamsar da shi. Mutumin da ya wuni zaune a bayan sitiyari yana kallon madubi, awa biyu yana tafiya a hankali da sautin ƙasa a kunnensa, shi ya san abin da ya samu.

Ba wai ba a dacewa ba. A Nuwambar 1992 wani manomi a ƙauyen Hoxne da ke yankin Safok na Ingila ya yar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes ya nemo masa da na'ura. Maimakon guduma sai ga cokulan azurfa da kuɗin Rumawa. Lawes ya dakata da tono, aka kira 'yan sanda da hukumar yankin, wadda ita ce mai gonar, washegari masana suka zo suka kwashe da tsari. Tsabar kuɗi 14,865 aka ƙirga, ban da kayan ado, aka biya ladan fam miliyan 1.75, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta, tana Gidan Tarihin Birtaniya. Sai kuma wasu biyu, George Powell da Layton Davies, da suka tono dukiyar zamanin Bayikin, mayaƙan arewacin Turai na da can, kusa da garin Lemsta a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a ɓoye. A 2019 aka ɗaure ɗaya shekara goma, ɗaya takwas da rabi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage, kuma yawancin kuɗin har yau ba a san inda suka shiga ba. Da sun bi hanya da sun samu ladansu halal. Dokar 1996 ce ta tsara wannan: abin da ya haura shekara 300 kuma akwai aƙalla kashi goma cikin ɗari na zinariya ko azurfa a jikinsa, ko tarin tsofaffin kuɗi, dole ka sanar cikin kwana 14. Wanda ake sanar wa shi ne jami'in binciken musabbabin mutuwa, suna ce masa korona, ba ruwansa da cutar. Sauran tsofaffin abubuwa kuwa akwai jami'an da ke rubuta su cikin wani kundi na ƙasa da aka fara a 1997, wanda ya haura abu miliyan ɗaya da rabi, mafi yawa daga hannun masu na'ura irina. Da inci shidana a filin da aka yi wa ciko, ni da korona sai dai labari.

Zobe ɗaya na taɓa samu, na aure, zinariya, da haruffa biyu da kwanan wata a cikinsa. Gaskiya sai da zuciya ta raya mini abin da ta raya. Na miƙa shi ofis, aka ba ni rasit, sannan bayan Juma'a na tsayar da limaminmu, mutumin Sudan ne, Bamalike kamar mu, na tambaye shi. Ya ce zobe irin wannan tsintuwa ce, mai shi yana raye ko magadansa, hukuncinsa cigiya har shekara guda. Dukiyar da magabata suka binne tun kafin Musulunci ita ce rikazi, ana fitar da humusi, sauran kuma a mazhabarmu na mai ƙasar ne in ƙasar tana da mai ita, ba na wanda ya tono ba. Na yi dariya na ce, Malam, ashe maganar ma'aikacin filin ce tun a zaure aka karantar da mu ban riƙe ba. Na liƙa cigiya a allon sanarwar filin, na sa a zauren unguwa na Facebook ba tare da na faɗi haruffan ba, don mai shi ya faɗe su da bakinsa. Mutum huɗu suka zo, ba wanda ya dace. Zoben yana can cikin durowar ofis.

Sau biyu aka sabunta mini takardar ba gardama. Bana jami'ar ta koma wani aiki, wanda ya gaje ta ya ce ana sake duba tsarin gaba ɗaya, saboda wasu sun shiga babban filin da dare da shebur sun bar ramuka kamar na gafiya. Ya ba ni wata shida maimakon shekara, ya ce a gani.

Makon jiya ina cikin bi a hankali gefen shinge sai ga ma'aikacin nan da sauri, yana haki. Makullin motar yankan ciyawa ya faɗi daga aljihunsa, ya yi awa yana nema, kuma a tsakiyar filin ƙwallo. Na ɗaga takardar da ke wuyana na nuna masa layi na huɗu, na ce, ranka ya daɗe, filin ƙwallo ba ya ciki. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ciro waya ya kira ofis. Muka tsaya minti goma ana neman wanda zai ce e. Da aka ce e, da sharaɗin ba tono, minti shida ya ɗauke ni. Makullin yana kwance cikin ciyawa dab da layin tsakiya, ko cokalin ban ciro ba.